Launin Hansatu

Da dare, in na rufe rumfar gyaran agogo a Wunti,
nakan maƙala madubin ido ɗaya
in jera sojojina a kan murfin kwano.
Su ashirin da huɗu ne, ba wanda ya kai tsawon ɗan yatsa.
Istifanus na Yalwa ya kawo su a kwalin takalmi,
ya ce ranar Asabar akwai yaƙi a kan teburinsa,
tsaunukan soso, kogin takarda,
ɗan ludo ne zai faɗi wanda zai mutu.
Mutanen ƙasar ƙanƙara ne, in ji shi,
a yi musu farar fata.

Na ce ai wannan ba aiki ba ne.
Na tsoma buroshi mai gashi uku a farin fenti.
Na farko ya fito kamar an zaro shi daga buhun fulawa.
Na biyu na ƙara ja, sai ka ce ruwan zafi ya zubo masa.
Na uku rawaya ta yi yawa,
shawara ta kama shi tun bai je fagen fama ba.
Akwai wata 'yar kwalba da masu ita suka sa wa suna launin fata.
Na ɗiga a bayan hannuna,
na yi dariya ni kaɗai.

Sai ga Hansatu da kofin kunun gyaɗa,
'yar ƙanwata, wadda yaran layi ke kira zabiya
kamar ba a yanka mata rago ba.
Ta ɗauki na farko, ta kai shi dab da hancinta
yadda take yi wa littafin lissafi.
Ta ce, Kawu, wannan ba shi da jini.

Shekara tara tana gidan nan.
Na san kuɗin man da ake shafa mata,
na san malafarta, na san ranar asibitin ido,
amma ban taɓa tambayar kaina wane launi ce ba.
Fitila na bayanta.
Kunnenta cikin gwaiba ne.
A gefen goshi wata jijiya shuɗiya ta ratsa,
siririya kamar hannun daƙiƙa.
A wuya rana ta watsa mata riɗi.
Gashin kuwa gemun masara,
gindinsa zuma, bakinsa kusan babu launi.
Fari dai ban gan shi ba, sai a rigar makarantarta.

Na wanke buroshi na sake.
Na fara da duhu, jan ƙasa irin na tukunya,
na tsinka fenti da ruwa har ya zama kamar tsala,
shafa ɗaya, a jira ya sha iska, a ƙara.
Na bar inuwa a ƙarƙashin ido da tsakanin yatsu,
hasken na ajiye wa karan hanci da tudun kunci.
Gashi ma haka: zuma tukuna, sannan man shanu, sili-sili.
An ɗauke wuta sau biyu.
Ita ta riƙe mini tocila har hannunta ya gaji.

Ta zaɓi wani maharbi mai karkataccen baka,
ta ce kada a tsayar da shi a rana.
Na lalubo wani tsohon ƙarfen agogo mai haƙora
na manna masa a ka.

Ranar Asabar Istifanus ya ɗaga shi yana juyawa:
mutumin ƙanƙara da malafa?
Na ce haka aka haife shi.
A jifa na biyu ɗan ludo ya kashe shi.
Hansatu ta miƙa hannu ta tsallake kogin takarda,
ta ɗauke shi ta sa a aljihu.
Ta ce bai mutu ba,
inuwa ya shiga.